Waye Babba a Asibiti? Tambayoyi da Amsoshi Kan Ma'aikatan Lafiya a Najeriya

Duk wanda ya taɓa kwana a kan tabarma a barandar asibitin gwamnati yana jinyar ɗan'uwa ya san tambayoyin da ake yi a wurin. Ina likita? Me ya sa nas ta ce wannan ba aikinta ba ne? Su wa ke yajin aiki wannan karon? An tattara amsoshin nan ne domin masu jinya, da ɗaliban makarantun kiwon lafiya, da waɗanda aka wayi gari aka ɗora musu shugabancin wani sashe ko ƙaramin asibiti alhali ba a taɓa koya musu yadda ake tafiyar da mutane ba.

Idan an ce "ma'aikatan lafiya", su wa ake nufi?

Mu bi wata mata da aka kawo cikin dare tana zubar da jini bayan haihuwa. Mai gadi ne ya buɗe ƙofa. Mai tura keke ya kai ta ɗakin haihuwa, ma'aikacin kati ya buɗe mata fayil. Ungozoma ce ta fara taɓa ta: ta murza mata mara, ta ɗaura ruwa, ta yi mata allurar da ke sa mahaifa ta tsuke. Allurar nan, oksitosin, ba ta shiri da zafi, saboda haka ƙarfinta yana hannun mai harhaɗa magunguna da ya ajiye ta a firji, da mai kula da janareta da ya hana firjin mutuwa. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba rukunin jininta, ya nemo wanda zai dace da ita. In abin ya kai ga tiyata, ga likita, ga mai sa barci, ga nas ɗin tiyata, ga wanda ya dafa kayan aiki, ga mai goge ɗakin. Mutum goma sha biyu ke nan a kan rai guda. Idan ta tashi, dangi sunan mutum ɗaya ko biyu kawai za su riƙe.

Kowace sana'a a cikinsu tana da hukumar da ke ba ta lasisi: MDCN ta likitoci da likitocin haƙori, NMCN ta nas-nas da ungozomomi, PCN ta masu harhaɗa magunguna, MLSCN ta masanan ɗakin gwaji, sannan ma'aikatan lafiyar al'umma suna da tasu. Kowa da makarantarsa, kowa da jarrabawarsa. Yawancinsu ba sa haɗuwa sai ranar da suka tsinci juna a bakin gadon marar lafiya, kowa ya zo da labarin da manyansa suka ba shi game da ɗaya ɓangaren. A tuna da wannan, domin rabin abin da ke ƙasa daga nan ya samo tushe.

Ma'aikata nawa ake buƙata, nawa muke da su?

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: likitoci da nas-nas da ungozomomi 4.45 ga kowane mutum 1,000. Wato gari mai mutum 10,000 yana buƙatar kusan 45. Najeriya ba ta kai nan ba. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci masu lasisi da ke aiki a ƙasar kimanin 55,000 ne, kuma kusan 16,000 sun fice cikin shekara biyar. A raba 55,000 ga mutum fiye da miliyan 200, za a ga likita ɗaya ga mutum kusan 4,000.

Sai dai wannan lissafin na takarda ne, kamar a ce an yi ruwa a faɗin ƙasa alhali a gari biyu ya sauka. Legas da Abuja sun kwashe kaso mai tsoka. Akwai ƙananan hukumomi a arewa da likita ɗaya ke riƙe da babban asibiti, shi ne na yara, shi ne na mata, shi ne na tiyata, kuma shi ne ke sa hannu a takardar man janareta.

Me ya sa ƙauye ke rasa ma'aikata ko da an ɗauki sababbi?

Saboda asibitocinmu iyayen gida uku gare su. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya na gwamnatin Abuja ne, manyan asibitoci na jiha ne, asibitin sha-ka-tafi kuma ya daɗe a hannun ƙaramar hukuma kafin a fara tattara shi ƙarƙashin hukumomin lafiya matakin farko na jihohi. Albashi ba ɗaya ba ne. Jiha za ta ɗauki nauyin karatun yaro, ya gama, ya yi shekara biyu, da zarar asibitin tarayya ya buɗe ɗaukar aiki sai ya tsallaka titi. Ƙauye na ciyar da birni, jiha na ciyar da tarayya, tarayya na ciyar da Ingila da Saudiyya.

An gwada magance abin. A 2009 hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, ta ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara, sababbin gamawa da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya. An tsara cewa tarayya da jiha da ƙaramar hukuma za su haɗa alawus ɗinsu, a kuma ba su masauki. A wurare da dama kason jiha da na ƙaramar hukuma ya yi ta makalewa, masaukin bai samu ba, ungozomomin suka tattara nasu ya nasu.

A arewa akwai ƙarin wata matsala. Mata da yawa, da mazajensu, sun fi son mace ta duba su, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa kashi 43 cikin 100 ne kawai ƙwararren ma'aikaci ke karɓa a duk Najeriya, arewa maso yamma kuwa tana can ƙasa da haka sosai. Ungozomar da aka ɗauko daga nesa, ba ta jin harshen garin, mijinta na wata jiha, ba za ta zauna ba. Shi ya sa dabarar shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ta fi kama hankali: a zaɓo yarinya daga ƙauyen, da yardar iyaye da masu gari, a ba ta karatun share fage har ta cancanci shiga makarantar ungozoma, ta gama ta koma gida. Hanya ce mai ɗaukar lokaci, amma wadda ta koma garinsu ba ta neman canjin wurin aiki duk wata.

Mene ne asalin rigimar likitoci da sauran ma'aikata?

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa ne da suka taru, kuma kuɗi ne kan gaba.

Tun 2009 gwamnatin tarayya ke biyan albashin ma'aikatan lafiya a kan jadawali biyu: CONMESS na likitoci, CONHESS na sauran. A 2014 aka gyara na likitoci ya ƙaru. Gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikata, JOHESU, ta ce to a gyara nata ma. Ƙungiyar likitoci ta NMA ta ce in an taɓa wancan dole a sake taɓa nata, domin tazarar da ke tsakani ta tsaya yadda take. Kowane ƙari da aka yi wa ɗaya sai ya zama takardar koken ɗaya. A kan wannan batu JOHESU ta yi yajin aiki na kusan mako shida daga Afrilu zuwa ƙarshen Mayun 2018, sai da kotun ma'aikata ta shiga tsakani. Gwamnati ta riƙe albashin watannin, riƙon shi ma ya shiga jerin buƙatun yajin aikin gaba.

Ko alawus ɗin haɗarin aiki bai tsira ba. Shekara da shekaru naira 5,000 ake ba kowa a wata, har annobar korona ta zo ta same shi a haka. Da aka zauna gyara shi a 2021, tattaunawar ta ja lokaci, ɗaya daga dalilan kuwa shi ne ɓangarorin biyu sun kasa yarda ko a biya kowa daidai ko a bambanta. Ƙwayar cuta dai ba ta duba jadawalin albashi kafin ta kama mutum, amma a teburin tattaunawa kowa na da hujjarsa.

Bayan kuɗi sai muƙami. Dokar soja mai lamba 10 ta 1985 ita ake kafa hujja da ita cewa shugaban asibitin koyarwa sai likita. Sauran sana'o'i na kallon dokar a matsayin rufin da aka danne su da shi: duk iliminka, duk daɗewarka, akwai kujerar da ba za ka hau ba. Sai kuma laƙabin "kwansaltan". Masu harhaɗa magunguna da wasu sun ce su ma suna da karatun ƙwarewa na gaba da digiri, don haka sun cancanci sunan. Likitoci sun ce kwansaltan a asibiti shi ne wanda aka rubuta sunansa a kan gadon marar lafiya, shi za a kama in an samu matsala, raba sunan zai rikita majinyaci. Wannan na cikin buƙatun da NMA ta tafi yajin aiki a kansu a Yulin 2014. A ɗakin gwaji ma akwai tsohuwar jayayya tsakanin likitocin binciken cututtuka da masanan gwaje-gwaje kan wa ke da ɗakin, har gaban alƙalai an sha zuwa.

Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed don ya duba zaman da ke tsakanin sana'o'in, kwamitin ya miƙa rahoto a ƙarshen 2014. Rahoton bai kashe wutar ba.

To, a ganinku wa ya kamata ya shugabanci asibiti?

An cakuɗa tambayoyi biyu ne. Ta farko: wa ke da maganar ƙarshe kan cutar wannan majinyacin da maganinsa? A nan dole a samu mutum ɗaya mai ɗaukar alhaki, kuma a asibitin da ke da likita, likitan ne. Jirgin da ke da matuƙa biyu ba ya isa gaɓa. Ta biyu: wa zai riƙe kasafi, ya sayi dizal, ya ɗauki ma'aikata, ya hana satar magani? Wannan wani fanni ne daban, kuma iya fiɗa ba ya koyar da shi.

A Ingila, shugabannin asibitocin gwamnati da yawa ba likitoci ba ne, amma kowanne yana zaune da babban likita da babbar nas a majalisar gudanarwa. Tedros Adhanom Ghebreyesus, da ke jagorantar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017, ba likitan asibiti ba ne. Farfesa Eyitayo Lambo, ministan lafiyar Najeriya daga 2003 zuwa 2007, masanin tattalin arziki ne. A ɗaya gefen kuma, akwai likitocin da suka riƙe asibitoci suka gyara su tas. Ra'ayinmu shi ne a buɗe kujerar gudanarwa ga duk wanda ya koyi gudanarwa, likita ne ko waninsa, a bar hukuncin jinya inda yake. Mun san ba kowane ɓangare wannan amsar za ta yi wa daɗi ba.

Idan ɓangare ɗaya ya tafi yajin aiki, ɗayan ba zai iya riƙe asibitin ba?

Kowane ɓangare ya taɓa faɗin zai iya, kuma an gwada. Da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta tsayar da aiki daga farkon Agusta zuwa farkon Oktoban 2021, manyan likitoci kaɗan suka rage, aka sallami marasa lafiya, aka ɗage tiyata. Da JOHESU ta tafi a 2018, likitoci na nan, amma ɗakin kati a kulle, ɗakin magani a kulle, ba mai gwada jini. Mai hali ya tafi asibitin kuɗi. Marar hali ya koma gida, ko kemis, ko wajen mai magani.

Da gaske rashin jituwar ma'aikata na iya kashe mutum, ko zuzutawa ce?

Ba sai an yi faɗa ba ma. Ya isa a ce ba a yi magana ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar asibiti kuwa tana wuraren da aiki ke fita daga hannu zuwa hannu: canjin duti na safe da na dare, fitowa daga tiyata zuwa ɗakin kwanciya, takardar turawa daga ƙaramin asibiti zuwa babba. Sakamakon gwaji ya fito tun azahar yana nuna jinin yaro ya yi ƙasa ƙwarai, yana ajiye a tire, ba wanda ya ga aikinsa ne ya ɗaga waya. Likita ya canza magani a fayil bai faɗa wa nas ba, ita kuma ta ci gaba da ba da tsohon. Ba mugu ko ɗaya a labarin, amma yaron ne zai biya.

Akwai shaida cewa gyara waɗannan wurare na ceton rai. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar binciken matakan tiyata mai abubuwa 19. Ɗaya daga cikinsu kamar wasa: kafin a tsaga fata, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. An gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata suka sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Wanda ya buɗe baki ya faɗi sunansa a gaban babban likita, bakin zai fi saurin sake buɗuwa in ya ga an manta auduga a ciki.

Misali na kusa da gida shi ne binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni, don a daina kintacen yawan jinin da ta zubar. Da ya kai iyaka, ungozoma za ta yi dukan matakan farko a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya tana jiran a zo a ba ta izini ba. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Magungunan duk sanannu ne tun da. Abin da aka sauya shi ne wa zai yi me, kuma yaushe.

Yaya ƙaramin ma'aikaci zai gyara wa babba ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba?

Wannan ta fi wuya a wurinmu, domin an tashe mu da sunkuyar da kai a gaban babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A bakin gado kuwa tana iya zama haɗari. Maganin ba a daina girmamawa ba ne, a samu lafazin da kowa ya san ma'anarsa. "Yallaɓai, a gafarce ni, katin ya nuna jikinta ba ya karɓar fenisilin." An girmama, an kuma faɗa. In bai ji ba a maimaita, in an maimaita bai tsaya ba a kira na sama da shi, kuma a ce tun farko asibitin ya amince da haka a rubuce.

Kiran waya ma yana da tsari. Akwai wata hanya da asibitocin Amurka suka aro daga sojojin ruwa, mai gaɓa huɗu: halin da ake ciki, abin da ya gabata, abin da nake gani, abin da nake so a yi. Maimakon "Dokta, ka zo ka ga wata mata", sai a ce: "Dokta, barka da dare, Sista ce daga ɗakin haihuwa. Matar gado na huɗu ta fara ciwon kai da ganin duhu, jininta 170 bisa 110. Cikin fari ne, wata tara, da rana yana 140 bisa 90. Ina tsoron jijjiga. Zan fara mata allurar magniziyam, ina so ka zo yanzu." Likitan da aka tasa daga barci ƙarfe uku na dare ya san ko zai sa takalmi ne ko zai ruga a haka.

Rabin aikin kuma na babban ne. Ranar farko da ƙaramar nas ta tsayar da shi, ɗakin gaba ɗaya na kallon fuskarsa. In ya ce "na gode, Sista", gobe wani ma zai yi magana. In ya ce "ke za ki koya mini aiki?", ya rufe bakin ɗakin na shekara guda.

Wanda ke duba mu a asibitin ƙauyenmu muna ce masa likita. Likita ne?

Mai yiwuwa ma'aikacin lafiyar al'umma ne, wanda ake kira CHEW. Karatun shekara uku yake yi a makarantar koyon fasahar lafiya, ƙaraminsa JCHEW shekara biyu. Tsarin ya yi ƙarfi ne zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Suna aiki da wani littafin umarni da ya fayyace abin da za su yi wa kowace alama, da inda za su tsaya su tura gaba.

A 2014 Najeriya ta amince da manufar sauke wasu ayyuka daga manyan ma'aikata zuwa na ƙasa da su bayan horo. Ta ba CHEW da aka horar damar karɓar haihuwar da ba ta da tangarɗa, da sanya ashanar tazarar haihuwa a hannu, da yi wa mai jijjiga allurar farko kafin a tura ta. Ba mu muka fara ba. Mozambik ta daɗe tana horar da waɗanda ba likitoci ba su yi tiyatar ciro jariri, Habasha ta baza mata ma'aikatan lafiya a ƙauyuka tun 2003, Nijar ma ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara ta sa ma'aikatan al'umma a ciki.

Da babu gara ba daɗi, amma abin na da sharaɗi. Sai da mai zuwa duba aikin, sai da kayan aiki, sai da mota da asibitin da za a tura wanda ya fi ƙarfinsa. In an cire waɗannan, an bar mutum ɗaya ne da nauyin da ba nasa ba, ranar da abu ya ɓaci kuma shi za a nuna da yatsa. Shi ma yana da nasa: in an kira shi likita, ya gyara wa mutane, kada daɗin sunan ya kai shi ga tsaga cikin da ba a koya masa ba.

Me zai hana a hana su fita waje kawai?

An gwada tunanin. A 2023 wani ƙuduri ya tsallake karatu na biyu a majalisar wakilai, yana neman likita ya yi shekara biyar yana aiki a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. Likitoci suka yi ca a kansa. A farkon 2024 hukumar NMCN ta ce sai nas ta yi shekara biyu da gamawa kafin a tantance mata takardun fita, nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Hukumar ce ta faɗa a lokacin cewa nas-nas kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A Agustan 2024 gwamnati ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta fi karkata ga rarrashi da jawo waɗanda suka tafi.

A waje ma akwai ɗan shinge. Najeriya da Nijar da Gana na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 cewa kada a je ana farautar ma'aikatansu. Sai dai shingen bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ta intanet ba, kuma haka ake yi.

Wanda gwamnati ta biya wa karatu, daidai ne ya yi mata aikin shekarun da ya sa hannu a kai. Wannan bashi ne. Amma ɗaure kowa da kowa ba ya gyara dalilin tafiyar: albashin da hauhawar farashi ta cinye, kwana uku a jere ana kol, wato dutin jiran kira dare da rana, tsoron masu garkuwa a hanyar ƙauye, da baƙin cikin kallon mutum na mutuwa don babu iskar oksijin. Akwai ma abin da ya fi sauƙi da ba a yi da sauri: cike gurbin wanda ya tafi. Sau da yawa sai an jira izinin ɗaukar aiki daga sama, wata da watanni, aikin mutum biyar ya koma kan biyu, su biyun ma su fara neman fasfo.

An ba ni shugabancin ƙaramin asibiti, ba ni da iko da albashi. Me zan iya yi?

Fara da sanin su wa kake da su a zahiri. Sunayen da ke takardar albashi daban, fuskokin da ke zuwa aiki daban, kuma a asibitoci da yawa masu aikin sa-kai da na wucin gadi ne ke riƙe da dutin dare. Sannan jadawalin duti: a manna shi a bango tun kafin wata ya kama, dare da ranakun Sallah su zagaya kan kowa. Babu abin da ke ɓata zuciyar ma'aikata kamar su ga 'yar wane ba ta taɓa kwana ba.

A riƙa miƙa duti a bakin gado, da baki da rubutu, ba a ƙofar fita ana gyara mayafi ba. Zagayen safe ya haɗa likita da nas, da mai magani in akwai shi. Duk mace ko jaririn da aka rasa, a zauna a bi abin daki-daki, da doka ɗaya: ana neman inda tsari ya yi yoyo ne, ba wanda za a kora ba. Ranar da zaman ya koma kotu, daga ranar fayil zai fara yin ƙarya. A gayyato mai gadi da direban motar asibiti, sau da yawa su suka san inda aka ɓata awa biyu.

Sai ƙananan abubuwa: ɗakin hutawar mai kwana, banɗaki mai ruwa, fitila a harabar. In asibitinka na samun kuɗin asusun kula da lafiya matakin farko, ka san cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da ta kafa shi ta ware kashi 10 cikin 100 don ma'aikata. Ka tambayi hukumar jiharku ina kason yake.

An taɓa ganin ranar da suka haɗa kai kuwa?

An gani. Ranar 20 ga Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola, a daidai lokacin da likitocin gwamnati ke yajin aiki. Dokta Ameyo Stella Adadevoh, ta asibitin kuɗin da aka kai shi, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ita da nas Justina Ejelonu na cikin mutum takwas da suka rasu. An ɗauko tsarin cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan inna, aka zuba likitoci da nas-nas da masanan gwaji da masu bin sawu da direbobi da masu binne gawa ƙarƙashin umarni ɗaya, aka bi mutum kusan 900 gida-gida. Cutar ta tsaya a mutum 20, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta rabu da ita. Shan innar ma, da aka tabbatar Afirka ta kuɓuta daga nau'inta na daji a Agustan 2020, aikin matan da ke shiga gida-gida ne da masu unguwanni da sarakuna da malamai, tare da ma'aikatan asibiti. A duka biyun kowa ya san aikinsa, ana zama kullum a duba alƙaluma, kuɗin aiki kuma yana isa da wuri.

Ni mai jinya ne. Wa zan tambaya, kuma me zan yi in na ga ana wasa da ɗan'uwana?

Ka san suna biyu: likitan da majinyacin ke ƙarƙashinsa, da nas mai kula da ɗakin a wannan dutin. Tambayar ciwo da shirin magani ta likita ce. Lokacin allura, ruwan da ya ƙare, zazzaɓin da ya tashi, na nas ne. Yadda za a sha magani da abin da ba a haɗa shi da shi, tambayi mai ba da maganin tun kana tagar. Ka riƙe ɗan littafi ka rubuta abin da aka ba shi da lokacin, kuma duk maganin gargajiya ko na kemis da ya sha a gida ka faɗa, ba wanda zai kama ka.

Lokacin canjin duti ka kasance kusa. In an ce da safe za a ƙara jini, ka tabbatar mai karɓar dutin dare ta ji. In ka ga numfashi ya canza ko hankali ya gushe, kada ka tsaya sallama mai tsawo, ka ce "Sista, numfashinsa ya canza tun minti goma." In ba a kula ba, nemi shugabar ɗakin, daga nan metiron, wato shugabar nas-nas, daga nan ofishin karɓar koke, wanda a asibitocin tarayya ake kira SERVICOM. Ka rubuta rana da lokaci. Zagi ko ɗaga hannu kan ma'aikaci laifi ne da zai kai ka ofishin 'yan sanda, kuma sau da yawa takan sa a rufe sashen gaba ɗaya, alhali nas ɗin da ka daka wa tsawa wataƙila ita kaɗai ce a kan gado talatin tun magariba.